Agogo a bangon tsohon masallaci: amsa ga matasan Birni

Wani matashi daga unguwar Birni ta Damagaram ya aiko mini da tambaya a madadin ƙungiyarsu ta ƴan unguwa. Sun tara kuɗi za su gyara wani tsohon masallacin ƙasa da zauren da ke jikinsa kafin damina ta sauka, sai ra'ayinsu ya rabu biyu. Wasu suna son a kafa babban agogo a goshin ginin yadda mai wucewa zai hango shi daga nesa, wasu kuma sun ga hotunan agogon inuwa, wato mai nuna lokaci da inuwar da rana ke jefawa, a tsofaffin masallatan ƙasashen Larabawa, suna son a zana irinsa a bango. Yana so ya san wanne ya fi dacewa, kuma ko agogon inuwa zai yi daidai da lokacin da waya ke nunawa.

Ɗana, Allah ya yi muku albarka da wannan niyya. Na shafe shekaru ina koyar da ilimin ƙasa a makarantun sakandare na nan Damagaram, kuma na ƙera agogon inuwa da ɗalibaina fiye da sau ɗaya, don haka zan ba ka amsar a taƙaice tukuna, dalilai su biyo baya. Kada ku huda tsohon bangon, ko don agogon ƙarfe ko don na inuwa. Ku yi agogon inuwa, amma ku lissafa shi don Damagaram, ku dasa shi a kan dakalinsa a farfajiya. Ba zai yi daidai da waya ba sai kun yi masa gyara iri biyu, kuma duka biyun suna da sauƙi idan an fahimci asalinsu.

Bango shi ne amanar da ke hannunku, shi ya sa zan fara da shi. Ginin Birni ginin tubali ne da yaɓe da azara, kuma abin da ya riƙe shi shekara da shekaru shi ne ruwa yana gangarowa a jikinsa ba ya samun wurin tsayawa, sannan ƙasar tana shan danshi tana fitar da shi. Duk maginin gargajiya ya san cewa hadarinmu daga gabas yake tasowa, ya kuma san cewa tsaga mai faɗin ɗan yatsa a ƙarƙashin indararo ta isa ta ci kafaɗar bango cikin damina biyu. Babban agogo yana buƙatar ƙusoshin ƙarfe masu tsawo, ƙarfen kuma yana zafi da rana ya miƙe, ya huce da dare ya tsuke, da damina ya yi tsatsa ya kumbura, kullum yana faɗaɗa ramin da aka sa shi a ciki. Abin da ake yi daga nan ya fi ɓarna, wato a toshe ramin da siminti, alhali siminti ba ya haɗa jiki da ƙasa, yana tare danshi a bayansa har ranar da zai ɓantalo da guntun bango. A tuna kuma cewa tun 2006 unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO da fatan a sa su cikin kayan tarihin duniya, kamar yadda tsohon garin Agadas ya shiga a 2013. Ginin da ke cikin irin wannan unguwa ba na ƴan unguwar kaɗai ba ne, saboda haka ku sanar da mai unguwa da fada da ma'aikatar magajin gari kafin ku taɓa fuskarsa.

Ko da bangon zai iya ɗauka, akwai matsala ta biyu wadda masu kallon hotuna ba sa gani. Agogon inuwa na jikin bango al'adar ƙasashen arewa da ke nesa da tsakiyar duniya ce, inda rana ke bi ta kudu duk shekara. Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da ikwaita, wato layin tsakiyar duniya, a takamaimai digiri 13.8, kuma rana tana tsayawa daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, wajen 27 ga Afrilu da wajen 16 ga Agusta. A waɗannan ranaku biyu, idan ka kafa sanda a miƙe, da rana tsaka inuwarta kan shige ƙarƙashinta ta ɓace. Tsakanin waɗannan ranaku, wato kwana ɗari da goma ko kusa da haka, rana ta arewa take bi, kuma bangon da ke fuskantar kudu sosai ba ya samun haske ko na minti ɗaya tun fitowarta har faɗuwarta. Bangon arewa shi ma a inuwa yake zama daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris. Na gabas hantsi kaɗai yake gani, na yamma kuma sai bayan zawali. Ka ƙara da cewa masallaci alƙibla yake bi, alƙiblar Damagaram kuwa tana karkata kusan digiri 19 daga gabas zuwa arewa, don haka babu bangon masallaci ko ɗaya da ya fuskanci kudu daidai, kuma kowace karkata tana buƙatar sabon lissafi. Sannan tsinken agogon bangon kudu a ƙasarmu dole ya fito kusan a miƙe daga bango, da kusurwar digiri 76, ya zama dogon ƙarfe da iska ke girgizawa yana sassauta ƙasar da ke riƙe da gindinsa.

Masallatan da kuka gani a hoto su kansu suna koyar da wannan darasi idan an duba su da kyau. A babban masallacin Ƙairawan na Tunisiya, agogon inuwar a kwance yake a farfajiya, a kan ɗan dakali da ake hawa da matakala. A masallacin Banu Umayya na Dimashƙu, Ibn Shaɗir, wanda shi ne mai kula da lokutan salla na masallacin, ya sassaƙa nasa a allon marmara a wajen 1371, ya shimfiɗa shi a kwance a barandar hasumiya, kuma wanda ke wurin a yau kwafi ne da aka yi a ƙarni na 19. Abin lura a nan shi ne muƙamin mutumin. Manyan masallatan wancan zamani suna da ma'aikaci da ake kira muwaƙƙit, wanda aikinsa ke nan, ya san lissafi, ya duba inuwa, ya gaya wa ladan. Na'urar kayan aikinsa ce kawai. A birnin Fas na Maroko akwai Darul Magana, agogon ruwa da aka gina a 1357 a gaban makarantar Bu Inaniyya, mai tagogi goma sha biyu. Tagogin suna nan har gobe, amma agogon ya daɗe da tsayawa, kuma sanin yadda yake aiki ya tafi tare da masu kula da shi.

Mutanen Birni na zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, ba su rasa sanin lokaci ba. Harshenmu da kansa shaida ne, domin tsakanin asuba da lisha muna da hantsi, da walaha, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da la'asar sakaliya, da almuru, kuma kowace kalma tana nufin wani tsayin rana da wata doguwar inuwa da kowa ya sani. Ladan yakan tsaya a rana ya auna inuwarsa da tafin ƙafarsa, a kan lissafin cewa tsayin mutum ƙafa bakwai ne na ƙafarsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, da inuwa ta kafa lokaci: azahar tana shiga idan rana ta gota tsakiyar sama inuwa ta fara ƙaruwa, tana ƙarewa idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali, daga nan la'asar ta shiga. Ta kuma so a jinkirta azahar lokacin zafi har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsayi. Lokacin ƙarfe kaza da minti kaza ya shigo ne da bariki da ofis da wayar tangaraho bayan Faransawa sun kama garin a 1899, ya kuma yi ƙarfi a shekarun da Damagaram ta zama hedkwatar mulkinsu, daga 1911 zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. A ganina, saboda haka, agogon inuwa ya fi kusa da asalin tsohon masallaci fiye da agogon ƙarfe, domin abin da ladanin farko ke yi da ƙafarsa shi ne za ku rubuta a ƙarfe ko dutse.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ɗaukar hankalina. Agogon waya ba lokacin Damagaram yake nunawa ba. A 1884, shekarar da Sarki Tanimun ya rasu, wakilan ƙasashe sun taru a Washinton suka amince a fara ƙirgen layukan duniya daga Girinwic ta Ingila. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a minti huɗu. Nijar duka, kamar Najeriya da Cadi, tana bin lokacin layin digiri 15 gabas, wanda ke gaba da Girinwic da awa ɗaya. Damagaram kuwa tana kan digiri 9 gabas, saura digiri 6 ta kai wancan layi, shida sau huɗu kuma minti 24 ke nan. Ma'ana, idan waya ta ce sha biyu, ranar Damagaram tana da sauran minti 24 kafin ta tsaya tsaka. Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa mutanen Yamai, waɗanda ke kusa da digiri 2, suke shan ruwa a azumi kusan rabin awa bayanmu, mutanen Diffa kuma su riga mu, alhali agogonmu duka ɗaya ne. Kano ce ba mu da tazara da ita sai ta minti biyu, domin kusan layi ɗaya muke.

Gyara na biyu ya fi wannan dabara. Rana ba ta cika alƙawarinta da agogo daidai wa daida a kowace rana ta shekara, saboda hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, tana sauri a farkon Janairu lokacin da ta fi kusa da rana, tana rage gudu a farkon Yuli, sannan kuma a karkace take da digiri 23 da rabi. Haɗuwar waɗannan dalilai biyu takan sa rana ta riga agogo da minti 16 a farkon Nuwamba, ta kuma makara da minti 14 a tsakiyar Fabrairu. Idan ka haɗa da minti 24 na farko, za ka ga zawalin Damagaram yana faɗawa wajen 12:08 a farkon Nuwamba, 12:38 a tsakiyar Fabrairu, 12:20 a tsakiyar Mayu, 12:30 a ƙarshen Yuli. Sau huɗu kawai a shekara, wajen 15 ga Afrilu, 13 ga Yuni, 1 ga Satumba da 25 ga Disamba, yake dawowa 12:24 cif. Rabin awa ke tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kuma wanda ya kafe kiran azahar ko la'asar a kan ƙarfe ɗaya duk shekara ba tare da ya duba jadawali ko inuwa ba, ya kamata ya san wannan. Wannan bambanci ba kuskuren agogon inuwa ba ne. Shi yana faɗin inda rana take, waya kuma tana faɗin lokacin da hukuma ta tsayar don jirgi da ofis da makaranta su haɗu, kuma salla da na farkon aka ɗaure ta.

Sai kuma siffar da za ku ƙera. Wanda aka fi gani a littattafan makaranta shi ne faranti a kwance da tsinke mai kusurwa uku a tsakiya. Na farko da na yi da ɗalibai, daga wani littafi da aka buga don makarantun Faransa na kwafo shi, kuma da muka dasa shi ya yi daidai da rana tsaka kawai, zuwa la'asar ya kauce da fiye da awa guda. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yara arba'in ne suka tsaya suna kallo, kuma na ji tsoron su ɗauka cewa ilimin ne ƙarya. Na koma na sake lissafi, sai na gane cewa dole tsinken ya kwanta daidai da layin da duniya ke juyawa a kansa, wato ya nuna arewa ta gaskiya yana ɗage da kusurwar wurin. A Faris kusan digiri 49 ne, a nan 13.8. Ko an gyara wannan, faranti a kwance yana da aibi a ƙasarmu, domin layukan tsakiyar yini suna cunkushewa. Awa ɗaya daga zawali, inuwar ba ta kai digiri 4 ba, awa biyu kusan 8, awa uku 13 da ɗoriya, awa huɗu 22, awa biyar kusan 42, sannan ta yi tsalle zuwa 90 a awa ta shida. Wato a daidai lokacin da kuka fi buƙatarsa, tsakanin walaha da la'asar, a lokacin ne ya fi wuyar karantawa.

Wanda nake ba ku shawara shi ne mai kama da baka. A sami ƙarfe mai faɗi a lanƙwasa shi rabin da'ira, bakinsa yana kallon sama, ƙahonsa ɗaya gabas ɗaya yamma, sannan a ratsa siririyar sanda ta tsakiyar da'irar daga kudu zuwa arewa, kan arewa ya ɗaga da digiri 13.8, bakan kuma ya karkata tare da ita yadda za su gicciye juna daidai. A wannan siffa inuwar sandar tana tafiya a cikin bakan da gudu ɗaya tun safe har yamma, digiri 15 kowace awa, rani da damina. Idan daga sandar zuwa bakan santimita 50 ne, kowace awa za ta ci santimita 13, minti biyar kuma ya ɗan ɗara santimita ɗaya, abin da dattijo zai iya gani ba tare da ya sunkuya ba. Faɗin bakan ya kamata ya yi yawa, ko kuma sandar ta zarce shi sosai ta kowane gefe, domin inuwar ta riƙa faɗawa a kansa a watan Yuni da Disamba. Wani amfanin wannan siffa shi ne minti 24 ɗin nan ana iya haɗiye su gaba ɗaya, a gusa da lambobin duka da digiri 6, sai ya rage ɗan jadawalin watanni goma sha biyu da za a sassaƙa a jikin dakalin, mai cewa a ƙara minti kaza ko a rage. Ni dai zan so ku bar layin zawali na gaskiya da alama ta daban, da launi ko da tsagi mai zurfi, a rubuta masa suna da ajami da boko. Kowane mai walda na kirki a Sabon Gari zai iya wannan aiki idan an zana masa shi a kwali da girmansa na ainihi.

Inda aikin ke lalacewa shi ne wajen nemo arewa. Kamfas ɗin waya bai isa ba, ƙarfen da ke kusa ma yana ruɗa shi. Ku bi tsohuwar hanya: ku daidaita saman dakalin da awon ruwa na magina, ku kafa sanda a miƙe, ku zana da'ira a kewayenta, ku sa alama inda kan inuwa ya taɓa da'irar da hantsi yana shiga, da inda ya sake taɓa ta bayan azahar yana fita. Layin da ya haɗa alamun biyu shi ne gabas da yamma, wanda ya gicciye shi ta gindin sandar shi ne kudu da arewa. An fi samun daidai a ƙarshen Disamba ko ƙarshen Yuni, amma ko a wani watan kuskuren kaɗan ne. Ku maimaita kwana uku kafin ku zuba siminti a gindin ƙarfen. Ku kuma zaɓi wurin da inuwar ginin ko ta bishiya ba ta rufewa, kuna tuna cewa inuwar da ke faɗawa arewa da hunturu za ta koma kudu da bazara.

Bakan ba zai ba ku la'asar ba, domin la'asar da tsawon inuwa ake auna ta, shi kuma inda inuwa ta nufa yake nunawa. Don haka ku ƙara sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya a gefe, a kan daɓe shimfiɗaɗɗe wanda aka daidaita. A Damagaram inuwarta ta zawali takan kai santimita 76 a ƙarshen Disamba, 25 a ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, ta ɓace a ranakun nan biyu na Afrilu da Agusta, ta koma kudu da santimita 17 a ƙarshen Yuni. La'asar ta shiga idan inuwar ta kai mita ɗaya da ƙarin abin da aka auna da zawalin ranar. Da ƙafa kuwa, inuwar zawalin Disamba ƙafa biyar ce da kaɗan, don haka la'asar ba ta shiga sai inuwar ta wuce ƙafa sha biyu. Jadawalin ƙafafu na wata-wata da ke cikin wasu littattafan fiƙihu an lissafa shi ne don ƙasashen Magrib, inda inuwar hunturu ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba, kuma ya dace ku zauna da limaminku ku auna na garinku da kanku shekara guda, ku rubuta. Asuba da lisha kuwa babu agogon inuwar da zai faɗe su, haka ranar da hazo ya yi kauri ko hadari ya rufe sama.

A nan ne masu son agogon ƙarfe suke da gaskiyarsu, kuma ban ce a hana su ba. Mai zuwa kasuwa da ɗan makaranta suna buƙatar lokacin hukuma. Sai dai tsohon agogo mai lilo da haƙora bai dace da ƙurarmu ba, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da man da ke jikin haƙoran takan zama kamar dutsen wasa tana cin su, zafi kuma yana miƙar da sandar lilo ta ƙarfe har agogon ya riƙa makara da kusan rabin daƙiƙa a yini a kan kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. Tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu wannan ya kusa minti guda a mako. Ku sayi na lantarki mai rufaffiyar fuska da batir da ɗan faifan sola, ku gina masa ginshiƙinsa a bakin hanya, taku kaɗan daga tsohon bangon, fuskarsa kada ta kalli gabas inda ruwa ke dukansa. Kafin ku biya kuɗinsa, ku rubuta a littafin ƙungiya sunan wanda zai riƙa share shi yana daidaita shi kowace Juma'a, da inda kuɗin batir zai fito, domin agogon jama'a da ya tsaya yana ɓatar da baƙo, yana kuma zubar da kwarjinin ginin da ke bayansa.

Idan kun tsai da shawara, ku fara da kwali da sandar kara a farfajiyar tun yanzu, ku gwada sati biyu kuna rubuta abin da inuwa ta ce da abin da waya ta ce, kafin ku kai wa mai walda. Ku kira yaran makarantar allo da na boko su tsaya wajen awon, ranar 27 ga Afrilu kuma ku tara su da ƙarfe 12:22 su ga sanda ta rasa inuwarta.